Tambayar Da Na Yi Wa Masu Neman Aikina

Tun da daji ya lalace a yammacin Batsari, matan ƙungiyarmu ba sa ɗora ƙafa a mota ran kasuwa sai sun biyo ta ƙofar gidana. Ba wanda ya naɗa ni. Haka kawai abin ya soma, ya kuma zauna.

Mu masu gyaɗa ne a Karare. Mu soya, mu kai niƙa, mu matse mai, mu toya ƙuli-ƙuli, sannan mu haɗu mu ɗauki a-kori-kura guda ta kai mu kasuwar Batsari, wani lokaci ta Safana. Gidana ne na ƙarshe ta yamma, daga ni sai gonaki. Ni kuwa tun ina yarinya ba ni da yawan magana, ido gare ni. In na idar da salla, gari ya fara haske, nakan jawo tabarma bakin zaure in zauna. In duba ko masu nono sun shigo daga rugage a kan lokacinsu, ko sun makara, ko ba su zo ba sam. In kasa kunne ga babura, 'yan acaɓa na shigowa ne, ko kuwa duk masu fita ne ba mai dawowa. In tuna ko jiya da la'asar wani baƙo ya kwashe wa mai shago burodinsa kaf. Sai in haɗa su a raina in yi shiru.

Can sai matan su fara sallama. Su durƙusa, a yi gaisuwa mai tsawo. Ina kwana, Iya, kin tashi lafiya, ya ƙafar, ya yara, ya ƙarfin jiki. Wata ta ajiye mini koko, wata ɓarin goro. Sai an gama duka sannan ɗaya ta ce, "Iya, mu tafi?"

In ce, "Ku tafi, Allah ya tsare." Ko kuma in ce, "Ku zauna." Ba wadda ta taɓa tambayata dalili. Har matar mai gari, in na ce a zauna, sauke kayanta take yi. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana sun watsu, gonar ma ta yi nisan da ba a zuwa. Abin da ya rage mini a duniya ke nan, wannan tambaya ta safe.

Wata damina sai ga mutanen wata ƙungiya daga Katsina. Suka kawo mana injin matsar mai, suka gina mana sito mai rufin kwano a tsakiyar gari. Muka yi guɗa. Bayan kaka shugabarmu ta tara mu gindin bedi, ga wani saurayi mai tabarau a gefenta, wanda ƙungiyar ta turo. Ya ce akwai sharaɗi guda. Dole mu ɗauki ma'aikaci, mai kula da haɗari. Shi zai riƙa duba sito kada gobara ko laima ta yi ɓarna, shi kuma zai ce mota ta tashi ko kada ta tashi. Za a ba shi albashi da waya da makullin sito.

Na ce, "Wa ya gaya muku ba mu da shi?"

Mata suka yi dariya, irin ta jin daɗi, ba ta raini ba. Shugaba ta dafa gwiwata. Ta ce, "Iya, wannan na takarda ne. Sai mai karatu, wanda zai riƙa rubuta musu abin da ake ciki. Ke ai uwa ce, kin fi ƙarfin aikin albashi."

Na san irin wannan girmamawa. Ita ake yi wa tsohuwar tukunya kafin a kife ta a bayan ɗaki. Shugaba ta ga fuskata. Don ta lallashe ni, ta roƙi mutumin Katsina a sa ni cikin waɗanda za su tantance masu neman aikin. Ya ce, "Da kyau ƙwarai, Hajiya za ta taimaka mana."

Na ce, "Ban je Makka ba, ɗan nan. Ka bar mini Iyata."

Ya ce kowa a cikinmu zai yi tambayarsa. Na dawo gida ina juya maganar. Albashin bai dame ni ba, wayar ma ban iya latsa ta ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wata safiya mata su wuce ƙofata su je su durƙusa wa wani. Ina tsinkar zogale ina tunani, har na samo tambayata. Na san mutanenmu. Ba yaron da aka haifa a ƙasar nan, ya sha ruwanta, da zai dubi tsohuwa a gaban mutane ya ce mata a'a. Ko bai yarda ba, "To, Iya" zai ce. Saboda haka zan tambayi kowannensu, in shi ya ga kada a tafi ni kuma na ce a tafi, me zai yi. Duk za su sunkuyar da kai. Daga nan in juya ga mai tabarau in ce, ka gani, ko wa kuka ɗauka, magana tana wurina. Ku ba shi makulli ya riƙa kore ɓeraye, hanya ku bar mini.

A Batsari aka yi zaman, cikin wani aji na firamare da aka ara ranar da ba makaranta. Ranar na fara shiga aji, da furfurata. Aka ba ni kujera, ƙafata ba ta kai ƙasa sosai ba, na ce a kawo mini tabarma. Mai tabarau ya ce ba a intabiyu a tabarma. Na ce to yau za a fara. Aka shimfiɗa mini a gefen teburinsu, shi da shugaba suna sama, ni ina ƙasa, na jingina da bango inda nake ganin ƙofa. Mutane da yawa sun nema, ya ce, amma ya tace su saura uku.

Na farko tsohon ɗan sanda ne daga Darini, ya yi ritaya. Tun kafin ya shigo muryarsa ta shigo. Ya ƙame ya sara wa mai tabarau, ya gaida shugaba, sai ya hango ni ya zube. Duk tambayar da aka yi masa amsarsa guda ce, shi ba ya tsoro. Gobara? Ba ya tsoro. Hanya? Ya bi wadda ta fi ta. Shugaba sai gyaɗa kai take yi, ya burge ta.

Da aka zo kaina na ce, "Malam, ka dube ni. An loda mota, mata sun hau. Kai ka ji a jikinka hanya ba lafiya. Ni kuma na zo na ce a tafi. Ya ke nan?"

Ya buga ƙirji. "Iya, wa ya isa ya ja da ke? A tafi! Ni zan zauna gaba kusa da direba, duk wanda ya tare mu ya gamu da ni."

Na ce, "Da wace bindigar?"

Ya ce, "Da addu'arki, Iya."

Har mai tabarau sai da ya cire tabaransa ya goge ido. Ɗaya ya faɗi yadda nake so.

Na biyu saurayi ne daga Safana, da farar riga da takardu cikin leda. Ba zan rage masa komai ba, yaron ya san abin da yake faɗi. Ya ce ya je ya leƙa sitonmu kafin ya zo, ya ga jarkar fetur ɗin inji tana jingine da jarkokin mai, a raba su. Ya ce gyaɗar da ta sha laima ta yi baƙi-baƙi kada a haɗa ta da mai kyau, tana cutar da ciki. Ya ce kowa na tsoron mutanen daji, amma tayar a-kori-kurarmu ta baya ta yi sanƙo, ita ma haɗari ce. Na sha hawa motar nan, ban taɓa duban tayarta ba. Ina zaune ina jin wani abu yana cin raina. Maganganu suna fita daga bakinsa a jere kamar an ƙirga su, mai tabarau yana rubutawa. Ni abin da na sani ban taɓa iya jera shi haka ba.

Na yi masa tambayata. Ya yi murmushi, ya dubi ƙasa, ya murza hannuwa.

"Iya, zan yi miki bayani cikin ladabi. Zan nuna miki dalilaina."

"Na ji dalilanka. Na ce a tafi."

"To... zan sake roƙonki."

"Ka roƙa. Na ce a tafi."

Ya dubi mai tabarau yana neman ceto, bai samu ba. Ya ce, "Iya, ai babba babba ne. Kin riga mu ganin duniya. Sai in rubuta cewa na ba da shawara."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Da gaske na faɗa, ɗan mutunci ne. Raina ya yi fari. Saura ɗaya.

Tun daga bakin ƙofa na gane tafiyar. Uwarta mai nono ce, ta shekara da shekaru tana wucewa ta ƙofata da ƙwarya a ka, wannan kuma tana biye da ita da 'yar ƙaramar ƙwarya, siririya, ba ta ko ɗaga ido. Da aka kwashe musu shanu rugarsu ta tashi, suka koma cikin garin Safana. Na ji an ce ta yi karatu, ta koyar a firamare, ta yi aiki da masu allurar rigakafi suna shiga ƙauyuka. Yanzu ga ta mace sosai, da goyo ta bar shi waje wurin ƙanwarta. Ta wuce teburin ta zo gabana ta durƙusa tukuna.

"Inna, ina wuni. Kin gane ni kuwa?"

"Na gane tafiyar uwarki. Tana lafiya?"

"Tana gaishe ki. Ƙafa ta hana ta yawo."

"Duk ta hana mu."

Shugaba ta sunkuyo ta raɗa mini, "Iya, ɗiyar ruga ce fa. Mutane za su yi magana." Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Na san kunyarsu ta fi tamu, uwarta ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa. Na ce a raina wannan ai ita ce mafi sauƙi.

Mai tabarau ya tambaye ta yadda za ta san hanya. Ta ce tana da mutane a kan hanyar. Mai shayi a mararraba, wata ma'aikaciyar asibiti, gwaggonta da har yanzu take ruga, da wani direban da ke kwana Safana. Za ta kira su da safe, kowa daban, ba tare da ta gaya wa ɗayansu ko motarmu za ta fito ba. In bakinsu ya zo ɗaya, a tafi. In ya rabu, a zauna. Ta ce kuma a daina tashi lokaci guda kullum, don mai tsaro a daji shi ma yana da ido. Muryarta ƙasa-ƙasa, sai an kasa kunne. Bayaninta bai kai na saurayin tsari ba. Amma na ji tana lissafa mutanenta, sai na ga nawa idon, wanda nake taƙama da shi, iyakarsa bakin gonakin yamma. Nata ya kai har Safana, yana cikin jakarta.

Aka ce saura Iya. Ta taso daga kujera ta dawo gabana ta durƙusa, don ba za ta amsa mini daga sama ba. Na ce to, ga shi nan, an gama.

Na ce, "An loda mota, mata sun hau. Ke kin ga kada a tafi. Ni na zo na ce a tafi."

Idonta yana kan tabarma. Ta ce, "Ba za a tafi ba, Inna."

Na zaci ban ji daidai ba. "Me kika ce?"

"Ba za a tafi ba."

"Ke, ni ce fa. Uwarki ma Inna take ce mini."

"Na sani, Inna."

"Tun ba ki iya ɗaura zane ba nake gaya wa matan nan su tafi ko su zauna."

"Haka ne, Inna. Ni ma na sha jin kina faɗa, muna wucewa."

"To na ce a tafi."

Ta ƙara sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Ta ce, "Ki yi mini faɗa, Inna, ki kai ƙarata wurin uwata, zan zo har gida in ba ki haƙuri. Amma direba ba zai tada mota ba."

A waje ɗanta ya fara kuka, ba ta motsa ba. Ni kuwa raina ya ɓaci. Ba don ta ƙi ni kaɗai ba. Don na san muryar. Da irinta nake cewa "Ku zauna" ga matar da ta kwana tana toya ƙuli, yaranta na jiran abin da za ta sayo. Ni sai da na yi furfura na binne miji kafin na iya. Ita ga ta da goyo ta iya, a durƙushe.

Da ta fita, mai tabarau ya ce shi a takarda saurayin ya fi, amma yana da shakka. Shugaba ta ce ɗan sandan dai namiji ne, kuma ba wanda zai yi gunaguni a kansa. Suka yi ta ja. Daga baya duk suka juyo suka dubi tabarma.

Kalma ɗaya ta isa. In na ce yarinyar ba ta da kunya, ta tashi ke nan, ba mai musu, don a gabansu ta yi. A ɗauki saurayin, ya gyara mana sito, ya sa a canja taya, ya rubuta rubutunsa, ni kuma koko da goro su ci gaba da zuwa ƙofata har in mutu. Kalmar tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Na daɗe ina duban allon bango da rubutun yara da ban san me yake cewa ba.

Na ce, "Waccan ta ƙarshe."

Shugaba ta ce, "Iya! Wadda ta yi miki musu?"

Na ce, "Sauran biyun, duk inda tsohuwa ta nuna can za su kai ku. Yau ni ce tsohuwar. Gobe wata ce, mai saurin zuwa biki."

Mai tabarau ya yi ta jinjina kai. Ya ce bai taɓa jin tambaya irin wannan ba, zai rubuta ta ya riƙa yi wa masu neman aiki a wasu garuruwa. Ya rubuta kuwa. Wato har tambayar tawa an ɗauke. Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Shugaba ta miƙo mini goro na ce haƙori na ciwo.

Yarinyar ta tare a Karare, aka ba ta ɗaki a gidan da ke jikin sito. Mata suka sa mata suna ofisa. Abin da saurayin nan ya faɗa duk ta aikata, don mai tabarau ya gaya mata, an raba fetur da mai, an canja taya. Da farko matan sukan biyo ta wurina tukuna, su gaishe ni, su ce, "Iya, mu tafi?" sannan su wuce sito su ji ta bakinta. Daga baya gaisuwar ta rage tsawo. Daga baya tambayar ta faɗi, sai gaisuwar. Kokon ya daɗe yana zuwa, ban ce bai zo ba, amma koko ne na sadaka ga tsohuwa, na san bambancinsa a baki. Daga bakin zaurena ina hango ofisa a ƙofar sito, waya a kunne, makulli a wuya cikin zare, mata sun kewaye ta suna jira. Har dariya suke yi da ita. Ni ba su taɓa dariya a gabana ran kasuwa ba.

Ana nan autata da ke aure a Safana ta haihu, suna ya faɗo ran kasuwar can. Na daka yajin jego, na cika galan da mai, na ɗaure kaji biyu. Da safe na zauna bakin zaure kamar kullum. Masu nono suka shigo a kan lokaci suna hira. Babura na shiga na fita. Mai shago da burodinsa. Gari lafiya lau. Na ɗauki kayana na nufi sito.

An gama lodi, mata sun hau, direba yana goge gilashi. Suka matsa mini wuri a gaba. Ofisa tana gefe da waya. Ta sauke ta, ta sake kira, ta sake saukewa. Sai ta zo ta ce wa direba ya dakata.

Na ce, "Lafiya?"

Ta durƙusa a ƙasa, nan gaban mota. "Inna, mai shayin mararraba wayarsa a kashe. Bai taɓa kashe waya ran kasuwa ba. Direban Safana ya ce lafiya, amma shi tun jiya bai fito ba."

"Caji ya ƙare masa."

"Zai yiwu, Inna."

"Masu nono sun shigo. Da idona na gan su."

"Na gan su, Inna. Ba ta hanyarmu suka fito ba."

Wata daga bayan mota ta ce, "Ofisa, sunan jikar Iya ne fa." Wata ta ce man gyaɗarta ba zai kai wata kasuwar ba. Aka fara hayaniya. Na ga dama ta zo. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Direba, tada mota. Ni na ce a tafi."

Direban nan ɗan ƙawata ne, a hannuna aka yanke masa cibiya. Ya dube ni. Sai ya dubi ofisa.

Kanta a ƙasa ta ce, "Ba za a tafi ba, Inna."

Ya zare makulli ya sa aljihu. Matan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yarda muka haɗa ido. Wata ta ɗaukar mini kajin, wata galan, suka rako ni gida kamar mai jinya. Na shiga ɗaki na ja labule. Aka raɗa wa jikata suna ba ni.

Kuma ba abin da ya faru a hanya. Motar mutanen Darini ta je ta dawo, sun sayar da kayansu kaf. Mai shayin ashe wayarsa ce ta faɗa cikin bokitin wanke kofuna.

Washegari da la'asar sai ga shugaba da mata cike da zaurena. Suka durƙusa, aka yi gaisuwa irin ta da, mai tsawo, har da ya ƙafa ya ƙarfin jiki. Goro fari manya aka ajiye mini. Shugaba ta ce, "Iya, mun zo ne a kan ofisa. Ta hana ki sunan jika, ta hana mu kasuwa, a kan waya cikin bokiti. Mu dai mu koma yadda muke. Ta riƙe sitonta, hanya kuwa ke za mu riƙa tambaya."

Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ban ji irinsa ba tun ran da aka kawo inji. Na ɓare goro na tauna. Na bar su suka yi ta faɗi, wannan ta ce yarinya ce, waccan ta ce wayar ce ta ruɗe ta, wata ta ce ai Iya ba ta taɓa kuskure ba. Na bar kowace ta gama. Na so a ce rana ta tsaya a wurin.

Sai na tambayi wadda ta ce ban taɓa kuskure ba. Na ce, "Sau nawa na ce ku zauna kuka zauna?"

Ta ce, "Ba adadi, Iya."

"A ciki sau nawa kuka ji wani abu ya faru a hanya?"

Wata ta ce, "Wani lokaci dai."

"Sauran fa? Ranakun da kuka zauna, motar wasu ta je ta dawo lafiya. Wa ya zo nan ya tuhume ni?"

Shugaba ta ce, "Ke daban ce, Iya."

Na ce, "Furfura ce kawai. Mai cewa a zauna ba ya da shaida, sai ran da aka ƙi jinsa, ita kuwa shaidar ba mai son ganinta. In kuka karɓe mata hanya yau a kan bokiti, gobe in ta ga abu na gaske bakinta ba zai buɗu ba. Ku tashi ku koma wurinta. Goron dai na karɓa."

Suka tashi suka fita. Na bi bayansu da ido har suka kai wajen sito. Na koma cikin gida na sami akuya ta ture mini kwando, na yi mata faɗan da ya fi laifinta.

Ofisa ta zo ba da haƙuri kamar yadda ta ce za ta yi, da ƙwaryar fura da nono daga wurin gwaggonta. Ta daɗe a durƙushe. Na ce ta ajiye, na ji. Ban gaya mata abin da ya gudana a zaurena ba, ban san ko wata ta gaya mata ba. Da ta tafi na sha furar. Ta yi daɗi, wannan ma ya ɓata mini rai. Jikar tawa sai da ta yi wayo ta fara murmushi na gan ta, ran da ofisa ta ce hanya ta yi.

Har yau ina jawo tabarmata bakin zaure in gari ya yi haske. Ran kasuwa, kafin ofisa ta fara kiraye-kirayenta, takan tako har ƙarshen gari ta durƙusa gabana, makullin nan yana lilo a wuyanta. Mu gaisa. Sai ta ce, "Inna, masu nono sun shigo?" In ce sun shigo. "Babura fa?" In gaya mata. "Jiya an ga baƙo a shago?" In ce ban gani ba. Ta ce, "Na gode, Inna," ta tashi ta karkaɗe zanenta.

Abin da na gani take tambayata. Abin da za a yi ba ta taɓa tambayata ba. Nakan bi ta da kallo tana komawa sito inda matan suke jiranta, amsar tana bakina a shirye, ku tafi ko ku zauna. In ta yi nisa sai in faɗe ta a hankali, in naɗe tabarmata in shiga ciki.